Gabas ko Arewa? Inda Ya Kamata Kunyoyin Lambunka Su Miƙa a Ƙasar Kano



Yau za mu ɗan leƙa bayan ɗakin kaji, wajen 'yar fegin nan da yawancinmu muke son mayarwa lambu. Duk mai kiwon kaji ko tarwaɗa, in dai ya ɗan jima a harkar, tunanin nan sai ya zo masa: ga kashin kaji yana taruwa, ga ruwan tanki ana zubarwa duk bayan kwana biyu ko uku, me zai hana a shuka alayyafo da salak da tumatir? Tunani ne mai kyau. Amma tambayar da ta fi zuwa mini daga masu farawa ita ce: "Malam, kunyoyin nan daga ina zuwa ina zan ja su? An ce wai dole sai kudu da arewa."

Amsata a taƙaice: a ƙasarmu ta arewacin Kano, ruwa ne yake fara zaɓar maka inda kunya za ta miƙa, iska ta biyo baya, rana ta zo a ta uku. Bari in warware dalili, domin wanda ya gane dalilin zai iya tsara nasa filin ko yaya fasalinsa yake.

Daga ina maganar kudu da arewa ta fito?

Yawancin bidiyon lambu da muke kallo a YouTube a Ingila da Amurka da Kanada ake ɗaukarsu. Abin da suke faɗa gaskiya ne a wajensu. A Landan rana ba ta taɓa zuwa tsakiyar ka. Duk shekara tana rataye ta ɓangaren kudu, kuma a watan Disamba sanda mai tsawon mita 1 tana yin inuwar da ta haura mita 3 da rabi da tsakar rana. Mutumin da yake irin wannan wuri roƙon rana yake yi. Dole ya lissafa kowane layi don kada wani ya kare wani.

Mu kuwa Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Sau biyu a shekara, wajajen 21 ga Afrilu da kuma 22 ga Agusta, rana tana tsayawa a tsakiyar ka sosai, har ka ga inuwarka ta taru a ƙarƙashin ƙafarka. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, wato kusan duk damina, rana ta ɓangaren arewa take bi, inuwar tsakar rana kuma kudu take faɗuwa, 'yar guntuwa: sandar mita 1 a watan Yuni inuwarta kamar santimita 20 ce. Daga ƙarshen Agusta sai ta koma kudu, tana ƙara karkata har Disamba, lokacin da sandar nan take yin inuwar kamar santimita 70 zuwa arewa.

Ka riƙe waɗannan lambobi biyu, 20 da 70. Ma'anarsu ita ce da damina maganar inuwar layi a kan layi ba ta da wani nauyi. Da hunturu, wanda shi ne babban lokacin lambu a wajenmu, tana da nauyi, amma ga shuka mai tsawo kaɗai. Albasa, karas, salak, kabeji, duk ba su kai gwiwa ba. Ko gabas ka miƙa su ko arewa, hasken da za su samu kusan ɗaya ne. Don haka kada ka ɓata filinka saboda dokar da aka yi wa wata ƙasa.

Na farko: ina ruwa yake gangarawa?

Filayenmu na Bichi, Dawakin Tofa, Minjibir, Ɗambatta, Makoɗa, Tsanyawa da Kunchi, in ka kalle su da ido sai ka rantse shimfiɗe suke. Ruwan Agusta shi yake tona asiri. Ƙasar yawanci jigawa ce, mai rairayi, ba ta da ƙarfin riƙe kanta. Idan ka ja kunya tana bin gangare, kowane kwari tsakanin kunya biyu ya zama ƙaramin rafi. Ruwa ya ɗauki gudu, ya kwashe ƙasar sama, ya kwashe takin da ka sha wahalar tarawa, ya kai wa na ƙasa da kai.

Na taɓa zuwa duba lambun wani matashi a wajen Bichi, mai kaji ɗari biyu. Ya bi bidiyo ya ja kunyoyinsa kudu da arewa cif, da igiya da komai, ga kyau. Matsalar ita ce filin nasa kudu yake gangarawa. Ruwa biyu aka yi masu ƙarfi, takin kajin da ya tara na wata huɗu ya tafi, rabin dashen tattasai saiwarsa a waje. Abin da ya fi ciwo, ruwan ya ɓalle ta iyaka ya shiga gyaɗar maƙwabci, sai da magana ta kai gaban mai unguwa. Ka ga asara biyu ke nan, ta kuɗi da ta zumunci.

Wannan batu na maƙwabci kada a raina shi. Yankin da ya kewaye birnin Kano yana cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Bature masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero, tun shekarun 1960 ya fara rubutu a kan yadda manoman nan suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da ƙarfin taki. Gona tana manne da gona, gado ya raba filaye sun zama sirara. Duk ruwan da ya fita daga naka, a na wani zai sauka.

To ga yadda za ka yi. Da damina, kunya ko bedi mai tudu ya gitta gangare, kada ya bi shi. In filin kudu yake gangarawa, ja daga gabas zuwa yamma. In gabas yake gangarawa, ja daga kudu zuwa arewa. Tudun bedi santimita 15 zuwa 20 ya isa, faɗinsa kamar mita 1 ko da ɗan ɗori, yadda hannunka zai kai tsakiya ba tare da ka taka ba. Idan ƙasarka ta fadama ce mai laka, wadda ruwa yake kwanciya, ka ɗan karkatar da kwarin kaɗan yadda ruwa zai fita a hankali zuwa magudana ɗaya da ka tanada, domin tumatir da tattasai ba sa jure kwana cikin ruwa.

Da rani lissafin ya juya. Yanzu kai ne kake kawo ruwan, kuma so kake ya zauna. Je ka kalli masu lambu a bakin dam ɗin Thomas ta wajen Ɗambatta ko na Watari a Bagwai. Fangali suke yi mai zurfi, ƙasansa a daidaice, babbar hanyar ruwa tana bin gangare a hankali, fangalai suna jere hagu da dama. A buɗe wa wannan ya sha, a toshe, a buɗe wa na gaba. Ba ruwansu da kudu ko arewa, ruwa suke bi. A jigawa kuma gajerun fangalai suka fi, domin in ya yi tsawo, kafin ruwa ya kai ƙarshe na farko ya shanye rabi, kai kuma fetur ko wutar sola kake ƙonawa.

Yaya za ka gane gangaren da ido ba ya gani? Hanya mafi sauƙi ita ce ka fita bayan an ɗauke ruwan sama, ka duba inda yayi da rairayi suka taru. In rani ne, ari dabarar magina: sami siririn tiyo mai haske kamar mita 10, ka cika shi da ruwa, ka kafa sanda biyu, kai a wannan, yaronka a waccan. Ruwa a baki biyu na tiyon kullum a daidai yake tsayawa. Ku auna daga ƙasa zuwa inda ruwan ya tsaya a kowace sanda, bambancin shi ne gangaren. A nawa aikin, in bambancin ya kai taƙi ɗaya a cikin mita 10, ba na ƙara wata shawara, gangare ya riga ya yanke hukunci.

Ga mai kifi, nan ne ribar take. In da hali, tanki ya kasance a ɓangaren tudu, lambu a ƙasa da shi. Ka buɗe bututu ruwa ya gangara da kansa cikin babbar hanya, ba inji ba jarka. Ruwan tarwaɗa yana ɗauke da kashin kifi da ragowar abinci, ganye yana son sa ƙwarai. Sai dai ranar da ka sa gishiri ko magani a tanki, wannan ruwan kada ya je kan shuka.

Na biyu: ta ina iska take bugowa?

Iska biyu ce take damun mai lambu a nan, kuma kowa ya san su.

Ta farko iskar hunturu, daga wajajen Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, daga arewa maso gabas. Busasshiya ce, ga ƙura. Tana tsotse damshin fangali, tana ƙona bakin ganyen salak, rairayin da take ɗauka kuma yana goge sabon dashe. Maganinta tsoho ne: danni. Ka kewaye arewa da gabas da karan dawa ko zana. Shingen da iska take ɗan ratsawa ya fi bango, domin bango yana sa ta tsallaka ta faɗo da ƙarfi a baya. Ƙa'idar da masana suke bayarwa ita ce shinge yana kare nisan da ya kai kamar ninki 10 na tsawonsa, don haka dannin mita 1 da rabi ya wadaci ƙaramin lambun bayan gida. Wanda ya san hanyar Ɗambatta ya ga layukan bishiyar turare da aka dasa don tare iska, wannan dabarar ce dai a babba.

Wani abin daɗi: dannin arewa ba ya cin maka haske ko kaɗan da hunturu, saboda inuwarsa waje take faɗuwa. Na kudu ne yake jefa inuwa cikin lambu. Don haka ɓangaren kudu ka sa shinge gajere, wanda zai hana awaki kawai, ko ka bar hanyar wucewa a gindinsa maimakon shuka.

Ta biyu iskar hadari. Duk ɗan ƙauye ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma kafin ruwa ya sauko sai an yi guguwar da take yaye rufin kwano. Wannan ya shafi duk mai ɗaure tumatir ko kokwamba a sanda da igiya. Layin da ya miƙa kudu da arewa ya ba wa iskar gabas ƙirjinsa gaba ɗaya, kamar ka shanya tabarma. Layin da ya miƙa gabas da yamma kuwa kansa kawai ya ba ta, sai ta bi ta tsakanin layuka ta wuce. Tunda mun ce da damina rana a saman ka take, ba ka rasa komai in ka miƙa dogayen layuka gabas da yamma. In gangare ya tilasta maka kudu da arewa, to ka zurfafa sanduna, ka sa tokara ta ɓangaren yamma.

Iska kuma tana ɗaukar abin da ba ka so. Maganin ƙwari irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin, waɗanda suka cika kasuwanninmu, guba ne mai ƙarfi ga kifi, kaɗan ya isa ya yi ɓarna. Da hunturu, tankin da yake kudu maso yamma da lambu yana bakin hanyar feshi. In haka tsarinka ya kama, ka yi feshi da sassafe kafin iska ta tashi, ka rufe tankin, kuma kada ka wanke abin feshi kusa da shi. Haka nan ƙurar ɗakin kaji: salak da ake ci ɗanye kada ya zauna daidai inda iska take juye ta. Kashin kaji ma sai ya ruɓe sosai kafin ya je kan ganye, ɗanye yana ƙona saiwa, yana kuma iya ɗaukar cuta zuwa kwanon mai saye.

Na uku: sai rana

Mu masu kaji mun saba da doka ɗaya: ɗakin kaji a miƙa shi gabas da yamma, don kada rana ta shiga ta gefen raga da safe da yamma. Wannan daidai ne, a ci gaba da yi. Amma ka lura da abin da ɗakin yake yi wa filin gefensa. Gini mai tsawon mita 3 da ya miƙa gabas da yamma, a Disamba yana jefa inuwar sama da mita 2 ta arewa da tsakar rana, da safe da yamma ma ta fi haka. Wanda ya manna fangalin tumatir a bangon arewa zai ga shuka ta miƙe siririya, fure kaɗan. Tumatir, tattasai, attaruhu da albasa su tafi ɓangaren kudu na ginin, ko a ja su mita 3 zuwa 4 daga bangon arewa. Gindin bangon kuma ka bar shi wa gadon reno ko ganyen da yake jure inuwa.

Bishiya ma haka. Gonakinmu cike suke da ɗorawa, tsamiya, kuka, darbejiya da mangwaro, kuma ba wanda zai ce ka sare. Bishiya mai mita 10 da take kudu da lambunka za ta kwanta maka da inuwar kusan mita 7 a tsakiyar hunturu. A kula da gawo musamman. Manomin gero yana son sa saboda da damina yake zubar da ganye, amma da rani yake cika da ganye, wato daidai lokacin da kai mai lambu kake aiki.

To a ina dokar kudu da arewa take aiki a wajenmu? A lambun rani, a fili shimfiɗaɗɗe, ga shuka mai tsawo: tumatir na ɗauri, kokwamba, kuɓewa, masarar rani. A nan layin kudu da arewa yana sa gefe ɗaya ya sha ranar safe, ɗayan ya sha ta yamma, ba layin da ya danne wani. In kana haɗa dogo da gajere a fili ɗaya da hunturu, dogon ya koma arewa, gajeren ya zauna kudu.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, matsalar ta zama yawan rana. Zafi yana kaiwa digiri 40, salak yana ɗaci, furen tumatir yana zubewa. Layin inuwa na gabas da yamma ba zai taimake ka a lokacin ba, saboda rana a tsakiyar ka take. Abin da yake aiki shi ne kariya daga yamma, inda ranar la'asar take dukan shuka bayan ƙasa ta riga ta gasu. Layin zogale ko masara ko zana da ya miƙa kudu da arewa a bakin yamma na lambu yana rage wannan duka. Ka haɗa da rumfar kara mara kauri a sama, da ciyawa ko ƙaiƙayi a rufe ƙasa.

Yadda za ka gano gabas ta gaskiya

Da yawa muna ɗaukar alƙibla a matsayin gabas. Ta yi kusa, amma daga Kano alƙibla ta karkata arewa da gabas da kamar digiri 20. Mafitar rana ma tana yawo: da damina ta karkata arewa, da hunturu ta karkata kudu. In wayarka tana da kamfas, shi ke nan. In babu, kafa miƙaƙƙiyar sanda a fili. Wajen ƙarfe 10 na safe ka sa dutse a ƙarshen inuwarta, ka ɗaura igiya a gindin sandar ka zana da'ira da ta bi ta kan dutsen. Da yamma, lokacin da inuwa ta sake taɓa da'irar, ka sa dutse na biyu. Layin da ya haɗa duwatsun biyu shi ne gabas da yamma. Ba sai ka matsa wa kanka a kan ƙaramin bambanci ba, shuka ba ta riƙe da ma'auni.

In filin ya ƙi fa?

Da yawanmu fegin da muke da shi siriri ne, faɗin mita 6 ko 8, an gada haka. Wani lokaci gangare ya ce gabas, iska ta ce arewa, siffar fili ta ce wani abu dabam. A nan ka bi jerin nan: ruwa, iska, rana. Dalilin jerin kuwa shi ne tsadar gyara. Inuwa ana gyara ta da sauya wurin shuka a zagaye na gaba. Iska ana gyara ta da damin kara biyu. Amma ƙasar da ruwa ya kwashe sai ka yi shekaru kana zuba taki kafin ta dawo. In filin siriri ne kuma tsawonsa yana bin gangare, ka yanka shi gajerun bedi masu gittawa, ka bar hanya ɗaya a gefe.

Kuma ba laifi ba ne lambu ɗaya ya sauya fuska sau biyu a shekara, kunya mai tudu da damina, fangali mai zurfi da rani. Iyayenmu haka suke yi tun kafin a haife mu. Kafin ka kafa turke, ka tambayi dattijon da yake noma kusa da kai: "Baba, in an yi ruwa mai yawa, ta ina yake fita a nan?" Amsar da zai ba ka a tsaye ta fi bidiyo goma. Wanda yake son ƙarin haske a kan ƙasarsa kuma, ya nemi malamin gona na KNARDA da yake yankinsa.

Aikin wannan mako ga mai shirin lambu: ɗauki takarda ka zana filinka. Sa alamar inda ruwa yake gangarawa, inda ɗakin kaji da tanki suke, kowace bishiya, da iyakar maƙwabci. Ka tsaya a wurin sau uku a rana ɗaya, da hantsi, da azahar, da la'asar, ka ga inda inuwa take. Bayan nan ka ɗauko igiya da fartanya.

Mai tambaya ya faɗi garinsu, irin ƙasarsa da abin da yake son shukawa, za mu duba tare in sha Allah. Allah ya sa albarka a nema, ya ba mu damina da rani masu amfani.